Yadda Za a Gina Ƙungiyar Ƙwallon Ƙauye Ta Tsaya da Ƙafarta

Duk ranar Asabar ko Lahadi da ake buga gasar Firimiya ta Ingila, gidan kallon ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim yakan cika maƙil tun kafin a take wasa. Kowane matashi yana biyan kuɗin shiga a bakin ƙofa ba tare da an roƙe shi ba, ya zauna a benci cikin zafin rufin kwano da ƙarar janareto har a tashi. Ranar da ƙungiyar garinmu take karɓar baƙuncin maƙwabta a filin makarantar firamare kuwa, jama'ar da ke taruwa takan fi ta gidan kallo yawa nesa ba kusa ba, har da dattawa da yara masu talla, amma idan aka watse sai a tarar ko kuɗin ruwan da 'yan wasa suka sha ba a tara ba. Na yi shekaru ina riƙe da littafin wannan ƙungiya a matsayin sakatare, kuma abin da na fahimta shi ne, dukiyar da manyan kulob na duniya suke tinƙaho da ita muna da irinta a gaban idonmu, sai dai ba mu san yadda ake tattalinta ba. Domin masu jagorantar ƙungiyoyin ƙwallo a ƙauyukan Kano da Jigawa na rubuta wannan bayani.

Kafin a shiga matakai, ya kamata a fahimci abin da attajiri yake saye idan ya sayi kulob. A 2003 Roman Abramovich ya sayi Chelsea a kan kimanin fam miliyan 140, a 2022 kuma aka sayar da ita ga gungun masu zuba jari ƙarƙashin Todd Boehly a kan fam biliyan 2.5. Yawancin 'yan wasan da ke kulob ɗin a ranar wannan ciniki sun watse cikin 'yan shekaru, an canza masu horarwa fiye da sau ɗaya, hatta ƙasar da filin wasan kulob ɗin, Stamford Bridge, yake a kai mallakar wani kamfani ne na magoya baya. Abin da ya rage bai motsa ba shi ne miliyoyin mutane, tun daga Landan har Maigatari, waɗanda ba za su koma Arsenal ba ko da an ci Chelsea wasa 10 a jere. Su aka saka wa farashi.

Hanyoyin da babban kulob yake samun kuɗi uku ne: kuɗin da 'yan kallo ke kashewa a ranar wasa, kuɗin nuna wasa a talabijin, da kuɗin talla da sayar da riguna. Ta waɗannan hanyoyi ne Real Madrid ta zama kulob na farko da kuɗin shigarsa ya haura yuro biliyan 1 a shekara guda, a kakar 2023/2024, kuma ta hanya ta biyu ce gasar Firimiya ta ƙulla yarjejeniyar fam biliyan 6.7 ta shekara 4 da gidajen talabijin na cikin Birtaniya, farawa daga 2025. Idan aka bi kowace hanya zuwa tushenta, wurin mai goyon baya take ƙarewa, domin gidan talabijin yana biya ne saboda akwai masu kallo, kamfani kuma yana son sunansa a ƙirjin riga ne saboda akwai idanun da za su gani. Mai sayen kaya a kanti yakan sauya kanti da zarar an ƙara masa farashin sukari. Mai goyon bayan kulob kuwa zai yi fushi, ya yi ƙorafi a majalisa, ya rantse ya daina kallo, mako na zagayowa ka gan shi a mazauninsa.

Ba sai mun je Turai ba kafin mu ga haka. Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ɗauki kofin gasar Najeriya a 2008, 2012, 2013 da 2014, ta fitar da Al Ahly ta Masar a gasar zakarun Afirka ta 2009 har ta kai wasan kusa da na ƙarshe, ta kuma yi kusan shekara 12 ba a doke ta a gida a gasar ƙasa ba sai a 2015. Da ta faɗo daga babban rukuni a 2022, masu cewa "Sai Masu Gida" ba su nemi wani gida ba, suna nan har ta dawo a 2023. Irin wannan riƙon ne ƙungiyar ƙauye za ta fara ginawa, kuma ana gina shi ne da gangan.

Fara da littafin suna

Aikin farko shi ne a sayi babban littafi mai ƙarfin bango, a rubuta sunan duk wanda ya yarda cewa ƙungiyar tasa ce: sunansa, unguwarsa, sana'arsa da lambar wayarsa. Taron da ke tsaye a gefen fili iska ce, yau tana nan gobe ta wuce, amma mutum 300 da sunayensu ke rubuce jari ne da za a iya nuna wa kowa. A ba kowane mamba kati mai lamba da tambarin ƙungiya, ko da na kwali ne, kuma a yanka kuɗin wata wanda ɗan acaɓa da mai faci za su iya biya ba tare da sun ji a jikinsu ba. A ce mutum 300 kowa yana ba da naira 200, a wata an sami naira 60,000, a shekara naira 720,000, kuɗin da zai ɗauki nauyin ƙwallaye, raga da motar zuwa wasannin waje ba tare da an durƙusa a ƙofar kowa ba.

Manomi ba kullum yake da tsabar kuɗi a aljihu ba, saboda haka a buɗe masa ƙofar biya da amfanin gona. A lokacin kaka, kwano ɗaya na gero, dawa ko riɗi ba ya yi wa magidanci nauyi, kuma kwano 200 buhu 5 ne idan aka lissafa kwano 40 a buhu. A adana shi wurin amintacce, a zuba masa maganin ƙwari, a sayar a tsakiyar damina lokacin da hatsi ya yi daraja. Inda aka sami aron gona, gayyar 'yan wasa da magoya baya ta safiya biyu ko uku tana iya noma ta, kuma na lura cewa mutumin da ya yi gumi a gonar ƙungiya ba ya fashin zuwa kallo.

Wanda ya biya dole ya sami murya. A Sifaniya, Real Madrid da Barcelona mallakar mambobinsu ne, su ke biyan kuɗin shekara, su ke zaɓen shugaba. A Jamus akwai dokar da ake kira 50+1, wadda ta tanadi cewa rinjayen ƙuri'a ya zauna a hannun mambobi ko da attajiri ya zuba kuɗi, in ban da 'yan kulob kaɗan da aka keɓe. A namu matakin, ma'anar wannan ita ce a rubuta dokokin ƙungiya a shafi biyu ko uku da Hausa, a faɗi yadda ake zaɓen shugaba, ma'aji da sakatare, da tsawon wa'adinsu, kuma kowane mai kati yana da ƙuri'a ɗaya, Alhajin da ya ba da buhu da yaron shagon da ya ba da naira 200 duk ɗaya. Kada a manta da 'yan ci-rani da ke Legas, Abuja da Fatakwal. A buɗe musu zaure a WhatsApp, a riƙa tura musu sakamako da hotuna a daren wasa, domin kewar gida takan sa su fi na gida saurin biya.

Akwai wata ranar da aka zura mana ƙwallo 4 a gida ba mu rama ko ɗaya ba. Ina naɗe littafi kenan sai ga wani dattijo mai gyaran keke ya miƙo mini kuɗinsa na wata a ƙudundune cikin leda. Na ce masa, "Baba, yau ba mu kyauta muku ba, ka bari sai wani watan." Ya ce, "Yaro, buɗe littafinka ka rubuta, ai ba don yau na shiga ba." Tun daga ranar nake sa mutum ya tsaya a kan dattawan da ke cikin littafi, ya tanadar musu benci a inuwa, idan kuma aka ga ɗayansu bai zo ba sau biyu a je gida a duba lafiyarsa.

Suna, launi da fili

Abubuwa uku ne mai goyon baya yake ɗaure zuciyarsa a kansu, kuma ba a wasa da su. A zaɓi suna daga garin kansa, daga tarihinsa, sana'arsa ko wani abin da aka san shi da shi, kamar tsohuwar kuka, dutse ko fadama. Kuskure ne a ara sunan wani kulob na Turai a liƙa wa garin, domin ranar da aka kira ƙungiya da sunan Chelsea an kori magoya bayan Manchester United da na Barcelona daga cikinta, alhali duk 'yan gari ɗaya ne. Kuskuren da ya fi wannan shi ne sa mata sunan mai kuɗi ko mai mulki, wanda gobe zai iya ɓatawa da shugabanni ko ya sauka daga kujera.

Launin riga ma haka yake. A 2012 mai kulob ɗin Cardiff City, ɗan kasuwar Malesiya Vincent Tan, ya sauya rigar kulob daga shuɗi zuwa ja, magoya baya suka ƙi amincewa suka ci gaba da zuwa fili da shuɗinsu, har aka mayar da launin asali a farkon 2015. Da aka amince a ɗauke ƙungiyar Wimbledon daga kudancin Landan zuwa Milton Keynes, magoya bayanta ba su bi ta ba, sai suka kafa AFC Wimbledon a 2002 daga can ƙasan rukunai, kuma a 2011 suka kai ta cikin gasar ƙwararru. A watan Afrilun 2021 manyan kulob 12 na Turai suka sanar da sabuwar gasa tasu ta kansu ba tare da shawartar magoya baya ba, cikin kwana biyu zanga-zanga ta sa duka shida na Ingila suka janye. Darasin da ke ciki ga shugaban ƙungiyar ƙauye shi ne, duk shawarar da ta shafi suna, launi, fili ko haɗewa da wata ƙungiya, a kai ta gaban taron masu kati kafin a zartar. Idan wani ya kawo kyautar riguna masu launin da ba naku ba, a karɓa da godiya a riƙa atisaye da su.

Maganar fili ita ce ta fi ci mini rai, domin a nan muka yi asara. Wani bawan Allah ya ba mu aron fili da baki, muka share shi, muka cike ramuka da jar ƙasa, muka kafa turaku na ƙarfe, muka yi shekara huɗu muna wasa a kai. Da Allah ya yi masa rasuwa magada suka raba gado, wanda haƙƙinsu ne, mu kuma ba mu da ko guntuwar takarda, sai muka tumɓuke turakunmu muka koma neman alfarma a filin makaranta. Saboda haka kafin a sa fartanya a ƙasa, a nemi dattijo ɗaya ko biyu a tafi tare wurin dagaci, a gaishe shi yadda ya dace, a ce, "Ranka ya daɗe, 'ya'yanka ne suke neman wurin motsa jiki, kuma muna so a yi shi da saninka da sa hannunka." A rubuta yarjejeniya mai faɗin iyakokin fili da adadin shekaru, mai fili ya sa hannu a gaban manyan 'ya'yansa, dagaci da mai unguwa su shaida. Idan filin makaranta ne, a sami amincewar shugaban makaranta da sashen ilimi na ƙaramar hukuma a rubuce. Daga nan a dasa darbejiya a kewaye, domin cikin 'yan shekaru za ta zama iyaka kuma ta zama inuwar 'yan kallo.

Ranar wasa

Mutane suna sabawa da abin da ke da tsayayyen lokaci. A tsayar da rana ɗaya a mako, a take wasa bayan sallar La'asar, a tashi kafin kiran Magariba, kuma a sanar da limamin gari wannan tsari tun farko, domin ƙungiyar da ke sa yara rasa jam'i ba za ta sami albarkar iyaye ba. A duba ranar kasuwar yankin, kamar Alhamis a Maigatari, Juma'a a Wudil ko Lahadi a Dambatta, a ga ko tana kwashe mutanen garin ne ko tana kawo baƙi, sannan a yanke shawara. A sassauta wasanni a lokacin shuka da noman farko, a ɗage wasa idan an yi rasuwa a gari.

Filin da ba shi da shinge ba a karɓar kuɗin ƙofa a cikinsa, kuma duk wanda ya gwada zai jawo rigima. A fara da sayar da jin daɗi: rumfar zana da benci a gefe ɗaya, mai son zama a inuwa ya biya ɗan abin da aka yanka, mai kati a rage masa. A lokacin hutun rabin lokaci yara biyu masu rigar ƙungiya su zagaya da akwati mai kwaɗo, a buɗe shi a gaban mutane bayan wasa. Sai a manyan ranaku, kamar wasan ƙarshe na kofi ko wasan Sallah, za a kewaye fili da zana a buga tikiti mai lamba. Masu rake, awara, tsire da ƙanƙara a bar su kyauta a shekarar farko, idan sun ga ciniki ya zauna su da kansu za su yarda da ɗan kuɗin wuri. Yara ƙanana kuwa kada a taɓa karɓar ko sisi a hannunsu, domin yaron da ke tsaye bayan raga yana ɗauko ƙwallo yau, shi ne zai riƙe kati idan ya girma, ya kuma kawo nasa ɗan.

Tsaron alƙalin wasa da baƙi wajibi ne, kuma batu ne na kuɗi kai tsaye. A kakar 2021/2022 hukumar gasar ta ci tarar Kano Pillars, ta kuma rage mata maki saboda hargitsi a filin wasa, a ƙarshen kakar kulob ɗin ya faɗo. A ƙauye hukuncin yakan zo ta wata fuska: dattawa su daina zuwa, maƙwabta su ƙi amsa gayyata, mai tallafi ya janye sunansa, wani lokaci hakimi ya hana wasa baki ɗaya. A naɗa matasa shida zuwa goma masu natsuwa su tsaya tsakanin jama'a da layi, a haɗa kai da 'yan sintirin gari, a tarbi baƙi da ruwa, a raka su har bakin mota ko su suka yi nasara. Wanda ya jefi alƙali a karɓe katinsa na tsawon kakar wasa, ko ɗan wane ne.

Asusu da masu tallafi

Ƙungiyoyin ƙauye da na ga sun mutu, zargi ne ya kashe yawancinsu tun kafin talauci ya ƙarasa su. Maganinsa shi ne kuɗi ya daina kwana a aljihun mutum ɗaya. A buɗe asusu da sunan ƙungiya wanda sai mutum biyu cikin uku sun sa hannu kafin a cire kuɗi, a rubuta kowace naira da ta shiga ko ta fita da kwanan wata, a ajiye rasit. A ƙarshen kowane wata ma'aji ya tsaya a gaban masu kati ya karanta lissafi da babbar murya, a ɗauki hoton shafin a tura wa 'yan ci-rani. Mutum yana jure a ci ƙungiyarsa a fili, amma ba ya jure jin cewa kwanon geronsa ya ɓace ba bayani.

A guji bashi. Da iyalan Glazer suka sayi Manchester United a 2005 a kan kimanin fam miliyan 790, yawancin kuɗin rance ne da aka ɗora wa kulob ɗin, kuma fushin wannan ya sa wasu magoya baya suka ɓalle suka kafa FC United of Manchester a wannan shekarar. United ta iya ɗaukar nauyin saboda girmanta. Bury kuwa, kulob ɗin da aka kafa a 1885 wanda ya taɓa cin kofin FA sau biyu, matsalar kuɗi ta sa aka kore shi daga gasar ƙwararru ta Ingila a 2019. Tarkon da ya yi kama da wannan a wurinmu shi ne ɗauko sojojin haya daga birni domin a ci kofi. Ana cin bashi a biya su, a ajiye 'ya'yan gari a benci, su buga wasa uku su tafi, a bar ƙungiya da bashi da kuma iyayen da suka zo kallon 'ya'yansu suka tarar da baƙin fuska. Ko an ci kofin, asarar ta fi ribar yawa.

Game da masu tallafi, mu dubi manyan kulob na ƙasar nan. Yawancinsu, har da Kano Pillars da Jigawa Golden Stars, mallakar gwamnatocin jihohi ne, saboda haka walwalarsu tana rataye ne da sakin kuɗi daga baitulmali. Remo Stars ta Ikenne, wadda ɗan kasuwa Kunle Soname ya mallaka, ta ɗauki kofin gasar a kakar 2024/2025, abin da ya nuna ana iya kaiwa ƙololuwa ba da kuɗin gwamnati ba. Shawarata ita ce ƙananan masu tallafi biyar sun fi babba ɗaya, domin idan ɗaya ya janye huɗu suna nan. A je wurin mai sayar da taki, mai injin casar shinkafa, mai POS, mai shagon magani da mai cajin waya, a buɗe musu littafin suna su ga adadin mutanen da ke ciki, a gaya musu abin da za su samu: suna a bayan riga, ƙyalle a gefen fili, da ambato a lasifika lokacin hutu. A rubuta yarjejeniya ta kakar wasa ɗaya, a cika alƙawari har wasan ƙarshe.

Ɗan siyasa idan ya kawo ƙwallaye ko takalma a karɓa, a gode masa a bainar jama'a, amma hotonsa ko alamar jam'iyyarsa kada su hau rigar ƙungiya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma garin da ke da jam'iyya biyu ko uku, rabin 'yan kallonsa za su juya baya a ranar da ƙungiya ta zama ta ɓangare ɗaya. Tallan caca ma a nisance shi komai yawan kuɗinsa, domin iyaye da malamai ba za su lamunta ba, kuma suna da gaskiya. Rigar ƙungiya kanta haja ce. Wata ɗaya kafin Sallah a karɓi sunaye da rabin kuɗi daga masu so, a sayo rigunan a Kano a buga musu tambari daidai adadin da aka biya, har da ƙananan na yara, kada a tara kayan da za su kwanta.

Yaran da kuka raina

Hanyar kuɗi mafi girma ga ƙaramar ƙungiya ita ce wadda aka fi sakaci da ita. Dokar FIFA ta tanadi cewa idan aka sayar da ɗan wasa daga kulob na wata ƙasa zuwa na wata ƙasa, a ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi tun daga shekarar da ya cika 12 har zuwa ta 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da kashi 0.25 cikin 100 na farashin, kowace shekara daga 16 zuwa 23 kuma tana da kashi 0.5. A ce yaro ya yi shekarunsa na 16 da 17 a hannunku, daga baya aka sayar da shi a Turai a kan yuro miliyan 2, rabonku yuro 20,000 ne, kuma haƙƙin yana sake tasowa duk lokacin da aka ƙara irin wannan ciniki a kansa. Ahmed Musa ya taso daga makarantar ƙwallo ta GBS a Jos, ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya a Kano Pillars, ya wuce VVV-Venlo ta Holan a 2010, CSKA Moscow a 2012, sannan Leicester City a 2016. Hanyar a buɗe take ga yaron arewa.

Sharaɗin shi ne rajista. Ƙungiyar da ba ta cikin littafin hukumar ƙwallon ƙafa, wadda kuma ba a yi wa yaron rajista da sunanta ba, ba ta da hujjar neman komai, ko da kowa a gari ya shaida cewa kocinta ne ya koya masa taka leda. Saboda haka a je ofishin hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, a Kano ko a Dutse, a yi wa ƙungiya rajista, a sabunta ta duk shekara, a shiga gasannin da hukumar ta amince da su, waɗanda su ne matakin farko na tsanin da ke bi ta NLO (rukuni na uku na gasar ƙasa) da NNL (rukuni na biyu) zuwa NPFL (babban rukuni). Kowane yaro a buɗe masa fayil mai ɗauke da takardar haihuwa ta gaskiya, hoto, takardar amincewar mahaifi ko waliyyi, da ranar da ya shigo ƙungiya. Kada a rage wa yaro shekaru, domin ranar da aka gano ƙaryar shi da ƙungiya za su tafka asara tare.

Idan wani ya zo da sunan wakilin 'yan wasa yana son tafiya da yaro, a zaunar da shi a gaban mahaifin yaron da shugabannin ƙungiya, a nemi shaidar lasisinsa da takardar gayyata daga kulob ɗin da ya ambata, a kuma tuntuɓi hukumar jiha kafin a sa hannu a komai. Dokar FIFA ta hana kai ɗan wasan da bai cika shekara 18 ba zuwa kulob na wata ƙasa sai a wasu keɓaɓɓun yanayi, saboda haka wanda ya ce a sayar da gona ko saniya a ba shi kuɗin biza domin ya kai ɗan shekara 15 Turai, a sallame shi tun daga zaure. Idan kuma babban kulob na cikin gida ne yake son yaron, a rubuta takardar sallama mai faɗin shekarun da ya yi a hannunku da kason da ƙungiya za ta samu idan aka sayar da shi gaba, a yi kwafi uku, ɗaya wurin sakatare, ɗaya wurin mahaifin yaron, ɗaya kuma a kai ofishin hukumar jiha a buga masa hatimi.